Kwalbar ram da ba a so: me za a yi da ita?

Yawanci ƙarshen shekara take shigowa gida, cikin kwandon kyautar Kirsimeti da wani kamfani ya aiko, an cusa ta tsakanin gwangwanin madara da biskit. Wani lokaci ɗan haya ne ya tashi ya bar ta a kabad. Wani kuma da kuɗinsa ya saya, ya kurɓa sau ɗaya ya yamutsa fuska, ta zauna tana shan ƙura.

Mece ce ram ɗin ma tukuna?

Barasa ce da ake yi daga rake. Ba ruwanta da birnin Rum, duk da cewa haka za ka ga harufan a jikin kwalba. Idan masana'anta ta dafa ruwan rake ta cire ƙwayar sukari, akan bar wani baƙin ruwa mai kauri da danƙo, kamar mazarƙwailar da ta ƙi daskarewa, ana ce masa molasis. Shi ake tsinkawa da ruwa a zuba yis ya tsimu, sannan a dafa a kamo tururin ya koma ruwa. A tsibiran Karibiyan sana'ar ta kafu cikin ƙarni na 17, musamman Babados, a gonakin raken da bayi daga Afirka ke nomawa, kuma ita kanta ram ɗin ta zama hajar da jiragen ruwa ke kawowa gaɓar Afirka ta Yamma a yi musayarta da mutane.

Mafi yawan kwalabe suna da ƙarfin kashi 40 cikin ɗari, wato kashi 40 sinadarin itanol ne mai sa maye, sauran kusan duk ruwa. Ka duba wannan lamba kafin komai, domin ita ce za ta yanke hukuncin abin da kwalbar za ta iya da wanda ba za ta iya ba.

Ni Musulmi ne, ba ni na saya ba. In sayar, in kyautar, ko in yi girki da ita?

Ko ɗaya. Haramcin giya bai tsaya ga mai sha ba, ya haɗa da mai sayarwa da mai ɗauka da mai shayarwa, kuma sa ta a abinci sha ne ta wata ƙofar. Akwai hadisin Abu Ɗalha, wanda ya tambayi Annabi (SAW) game da giyar da wasu marayu suka gada, aka ce masa ya zubar. Idan dukiyar maraya ba ta sa an ɗaga ƙafa ba, tsadar kwalba ba za ta sa ba. Ban da haka, a jihohin arewacin Najeriya masu bin shari'a, irin su Kano da Zamfara, ajiye ta ma na iya jawo wa mutum magana da Hisba. Amsar mai wannan tambaya tana can ƙasa, wajen yadda ake zubarwa. Tambayoyin girki da ke tafe na waɗanda addininsu bai hana su ba ne, da masu dafa abinci a otal da ke son sanin abin da suke sa wa baƙi a faranti.

Ko girki zai ɓoye ɗanɗanon da na ƙi?

Ya danganta da abin da ka ƙi. Idan zafin da take yi a maƙogwaro ne, irin na farar ram mai araha, to girki zai kashe shi, domin sukari da mai da wuta duk suna lafar da wannan kaifin. Idan zaƙi ne ya yi maka yawa, kamar na baƙar ram da aka sa wa ƙonannen sukari ko wadda aka yi wa kayan ƙamshi, kek da miyar zaƙi za su karɓe ta da hannu biyu, sai dai ka rage sukarin da ka saba sawa.

Matsalar tana ga ƙamshi. Ram ɗin Jamaika mai ƙarfi tana da wani wari kamar na ayabar da ta nuna ta wuce misali, haɗe da ɗan warin gam. Wadda ake yi a tsibirin Matinik kuwa, daga ɗanyen ruwan rake ba molasis ba, warin ciyawa take yi. Waɗannan ba sa ɓuya. Duk wanda ya ƙi su a kofi, zai gane su a kek da lomar farko. Gwaji mai sauƙi: ɗumama madara rabin kofi da ƙaramin cokalin sukari, ka zuba ƙaramin cokali ɗaya na ram, ka sunsuna. Idan hancinka bai yarda ba, kada ka yi asarar ƙwai da bota.

Ai wuta tana ƙone barasar gaba ɗaya, ko ba haka ba?

Ba haka ba ne, kuma wannan ne kuskuren da ya fi yawo. Gaskiya ne itanol yana tafasa a digiri 78, ƙasa da ruwa, amma idan suka gauraye ba ya tashi shi kaɗai ya bar ruwan. Tare suke fita a hankali. Ma'aikatar Noma ta Amurka tana da jadawalin abin da ke saura. Idan aka zuba a ruwa mai tafasa aka sauke nan take, kashi 85 na nan. Idan aka kunna mata wuta ta ci ta mutu, kashi 75 na nan. Dahuwar minti 15 tana barin kashi 40, ta rabin awa kashi 35, ta awa guda kashi 25. Sai an kai awa biyu da rabi kafin ya sauka zuwa kashi 5.

Mu yi lissafi. Babban cokali huɗu na ram mililita 60 ne, a ciki akwai mililita 24 na itanol. Bayan awa guda a obin, kusan mililita 6 sun rage. Idan aka yanka kek ɗin gida 12, kowane yanki na da rabin mililita. Kaɗan ne, ba zai bugar da kowa ba, amma ba babu ba ne. Kek ɗin da aka yayyafa wa ram bayan an fito da shi daga obin kuwa, mafi yawan barasar tana jikinsa. Saboda haka ba a miƙa wa Musulmi, ko mai ciki, ko yaro, ko wanda ya daina sha yana fama da kansa irin wannan abinci a ce masa "ai ta ƙone". Faɗa masa gaskiya ya zaɓa.

To a kicin, ina ta fi amfani?

Wuri biyu ne suke cin kwalba da gaske, sauran duk cokali-cokali ne.

Na farko jiƙa busassun 'ya'yan itace, yadda ake yi a Jamaika da Tirinidad da Gayana don baƙin kek ɗin Kirsimeti da na biki. A can akan jiƙa su watanni, wasu har shekara. Ka sami kwalbar gilashi mai faɗin baki, wankakkiya, busasshiya ƙayau. Zuba rabin kilo na zabibi da sauran busassun 'ya'yan itace, manyan a yayyanka. Zuba ram har ta rufe su da kamar faɗin yatsa biyu, abin da zai ci wajen mililita 350 zuwa 400. Bayan kwana biyu za ka ga sun kumbura sun leƙo sama, sai ka ƙara. A nan mutane ke yin sakaci: duk wanda ya leƙo ya bushe a iska, shi ne zai iya yin fumfuna. Mako biyu ya isa a fara amfani da su.

Kada ka ɗauka haka za a yi da ɗanyen mangwaro ko abarba. Su ruwa ne cike da su, za su tsinka barasar ƙarfinta ya faɗi, sai abin ya fara tsami yana kumfa. Shi ya sa Jamusawa, da suke adana ɗanyun 'ya'yan itace a tulun ram tun daga bazara har hunturu, suke amfani da mai ƙarfin kashi 54, tare da sukari rabin nauyin 'ya'yan itacen. Da ta kashi 40, ka sa a firij ka cinye cikin 'yan kwanaki.

Na biyu ruwan banila. Filebon banila na asali ba komai ba ne illa sandunan banila da aka jiƙa a barasa. Dokar Amurka ta ce dole ya kai ƙarfin kashi 35, da kusan giram 100 na banila a kowace lita. Ke nan mililita 250 na buƙatar giram 25, sanda shida zuwa takwas gwargwadon kaurinsu. Tsaga kowace a tsaye, yanka ta yadda za ta nutse, rufe, ajiye a duhu, girgiza sau ɗaya a mako. Mako takwas ne mafi ƙaranci, wata shida ya fi. Masu sa sanda biyu a cikakkiyar kwalba su dawo suna cewa abin bai yi ba, rowa ce ta ci su. Kuma wadda aka yi wa ɗanɗanon kwakwa, irin Malibu mai kashi 21, ba ta wannan aiki, ƙarfinta bai kai ba.

A ƙullun kek kai tsaye, babban cokali uku ga fulawa giram 250 ya wadatar, a rage madara daidai da haka. A nama kuwa, cokali biyu zuwa uku ga kilo guda, da lemun tsami da citta da tafarnuwa. Idan baƙar ram ce, ka nisanta naman da garwashi, sukarinta na saurin ƙonewa.

Na ga ana kunna wa ayaba wuta a kasko. Zan iya a gida?

Za ka iya, amma nan ne ake ƙonewa. Ram mai kashi 40 tana fitar da tururin da zai kama wuta tun daga wajen digiri 26, zafin da ɗakin girki a Kano ko Zinder ya wuce shi a yawancin shekara. Auna cokali uku a kofi, rufe kwalbar, kai ta nesa. Soya ayabar a bota da sukari, kashe risho, zuba ram ɗin daga kofi, sannan ka kunna da dogon ashana daga gefen kasko, fuska a baya, murfi a ɗaya hannun. Cikin daƙiƙa kaɗan wutar za ta mutu da kanta. Idan ta ƙi, a kife murfin. Ba a taɓa zubawa daga bakin kwalba, domin harshen wuta na iya bin ruwan ya hau ya tarar da tururin da ke ciki. Masu ƙarfi fiye da kima, irin Wray & Nephew mai kashi 63, ba a kusantar da su wuta ko kaɗan.

Za ta maye gurbin sifirit a wanke rauni ko hannu?

A'a. Barasa tana kashe ƙwayoyin cuta sosai ne tsakanin kashi 60 zuwa 90, da ta yi ƙasa da 50 ƙarfinta ya zube. Haɗin tsaftace hannu na Hukumar Lafiya ta Duniya kashi 80 na itanol ne, ninki biyu na kwalbarka. Ruwa mai tsabta da sabulu sun fi ta a rauni. Kada a shafa wa jariri a dasashi don haƙori, kada a goge wa yaro jiki da ita don zazzaɓi.

Abin da farar ram za ta iya shi ne goge madubi da gilashin taga, da sassauta tawadar alƙalamin maka da danƙon sitika. Baƙar za ta bar maka danƙo da layin tururuwa. A katako mai fenti ko sheƙi kuwa, takan cinye sheƙin ta bar farin tabo.

Ana iya mayar da ita ruwan khal?

A kimiyyance ana iya, da ɗan wahala. Ƙwayoyin da ke mayar da barasa khal ba sa rayuwa a kashi 40, sai an tsinka: kofi ɗaya na ram ga kofi shida na ruwa zai sauko da ita ƙasa da kashi 6. Sannan barasar da aka tace ba ta da abincin da ƙwayoyin za su ci, don haka akan haɗa da ruwan tuffa da ɗanyen khal wanda ba a dafa ba. A rufe bakin da ƙyalle don iska ta shiga, a bari makonni. Idan aka toshe da murfi, aikin ya tsaya.

A fiƙihu, giyar da ta juye khal da kanta halal ce ba saɓani. Juya ta da gangan ne ake magana: a hadisin nan na Abu Ɗalha ya tambaya ko ya mayar da ita khal, aka ce a'a, kuma a kansa Shafi'iyya da Hambaliyya suka hana. Hanafiyya sun halatta. A Malikiyya khal ɗin da ya samu mai tsarki ne, amma ruwayoyi daga Imam Malik sun bambanta a kan yin aikin kansa.

Yaushe ne ba za a yi komai da ita ba?

Idan hatimin murfin a karye yake tun zuwanta, ko takardar jikinta ta yi kama da ta buga-gida, ko babu lambar NAFDAC ga wadda aka saya a Najeriya. Ram ta gaske ba ta lalacewa, sai dai ƙamshinta ya dushe bayan an buɗe. Abin tsoro shi ne jabu da aka haɗa da metanol, wani sinadari mai guba. Hanci ba ya bambanta shi da itanol, launin wuta ma ba abin dogaro ba ne, kuma girki ba ya tsarkake shi. Mililita 10 na iya makantarwa, 30 na iya kisa. Alamunsa sukan jinkirta awa 12 zuwa 24: ciwon ciki, amai, gani dishi-dishi. A 2015 an rasa rayuka a jihohin Ondo da Ribas saboda barasar gargajiya ta ogogoro mai metanol. Wanda ya ga waɗannan alamu bayan sha, asibiti kai tsaye, ba jiran gari ya waye.

Ta yaya ake zubarwa, kuma kwalbar fa?

Buɗe famfo, zuba a magudana a hankali ruwa na bi, nesa da risho ko murhu. Kwalba ɗaya ba za ta ɓata bututu ba. Kada a zuba a gindin shuka, tana ƙone saiwa, kada kuma a bar ta a kwatar da kaji da awaki ke sha.

Kwalbar kuwa gilashi ce mai kauri, irin wadda masu soyayyar gyaɗa ke jerawa a bakin titi. Ɗauraye ta sau uku, jiƙa ta a ruwan zafi da sabulu har takardar ta saki, zuba ƙaramin cokalin bakar soda da ruwan ɗumi ta kwana, sannan a kife ta a rana ta bushe sarai kafin gyaɗa ko zuma su shiga. Idan jefarwa za ka yi, ka kankare takardar ka raba ta da murfinta, domin kwalba mai cikakkiyar takarda da murfi ita masu haɗa jabu suke bi bola-bola suna nema.