Rayuwar Ɗalibai a Makarantun Sakandare na Jos

Makarantar sakandare a Jos, babban birnin jihar Filato, mataki ne na karatu mai shekara 6 da yaro kan shiga bayan firamare, galibi yana ɗan shekara 11 ko 12, ya fita yana da 17 ko 18. Shekara 3 na farko su ne ƙaramar sakandare, 3 na ƙarshe babbar sakandare. Manhajar iri ɗaya ce da ta sauran Najeriya. Abin da ya bambanta ta a Jos shi ne garin da take ciki: birni mai sanyi a kan tudu, wanda haƙar kuza ta tara wa ƙabilu daga ko'ina, sannan rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 suka raba unguwanninsa da yawa bisa addini. A irin wannan gari, aji da filin ƙwallo da ƙungiyoyin ɗalibai na cikin 'yan wuraren da suka rage inda ɗan Unguwar Rogo mai rinjayen Musulmi da ɗan Jenta mai rinjayen Kiristoci za su zauna kafaɗa da kafaɗa har su san juna.

Asali da ire-iren makarantu

Turawan mishan ne suka fara kafa manyan makarantun boko a wannan yanki. An buɗe Hillcrest a 1942 domin 'ya'yan ma'aikatan mishan, kuma har yau tsarin karatun Amurka take bi. A Gindiri, cikin ƙaramar hukumar Mangu, ƙungiyar mishan ta Sudan United Mission (SUM) ta buɗe sakandaren maza a 1950, ta mata ta biyo baya. Cocin Katolika na da St. Murumba ta maza da St. Louis ta mata, akwai kuma Baptist High School. Gwamnatin tarayya ta kafa kwalejinta a Jos a 1973, ɗaya daga makarantun haɗin kan ƙasa da ake ɗebo wa ɗalibai daga jihohi daban-daban. Rundunar sojan sama ta buɗe tata makarantar ta horon soja a 1980, sojan ƙasa kuma na da tasu sakandaren mai suna Command. A ɓangaren jiha, makarantar kimiyya ta Kuru ta daɗe da yin suna, ga kuma makarantun jeka-ka-dawo da ke warwatse cikin unguwanni.

Al'ummar Musulmi sun shigo fagen da ƙarfi daga baya. Ƙungiyar Izala, wadda Sheikh Isma'ila Idris ya kafa a Jos a 1978, ta gina makarantu masu gwama boko da Larabci da ilimin addini, kuma wasu ƙungiyoyi da ɗaiɗaikun mutane sun bi sahu. Yau makarantun kuɗi sun cika gari, daga masu faffaɗan harabar da ke da ɗakin gwaje-gwaje zuwa gidajen haya da aka mayar azuzuwa.

Yadda yini ke tafiya

Ranar ɗan jeka-ka-dawo a unguwannin Hausawa irin su Gangare da Rikkos da Dilimi tana farawa ne da sallar asuba. Daga nan sai ɗiban ruwa ko shara, a karya da koko da ƙosai ko shayi da burodi, a kama hanya a ƙasa ko a Keke Napep. Jos na bisa tudun da ya kai kimanin mita 1,200 daga matakin teku, saboda haka rigar sanyi ba ado ba ce, tana cikin kayan makaranta. A Disamba da Janairu sanyin safiya kan sauka zuwa wajen digiri 10. Sai ka ga yara a layin asambili hannuwa cuse cikin hammata, leɓɓa sun tsage, ana rera taken ƙasa baki na fitar da tururi. A makarantun kwana, wankan asuba da ruwan da ya kwana a bokiti shi ne abin da tsofaffin ɗalibai ba sa mantawa.

Bayan asambili da addu'a da sanarwar firinsifal sai a shiga aji. Darasi kan ɗauki wajen minti 40. A hutun tsakiya ana cika wurin masu awara da masa da soyayyen dankalin Turawa, wanda jihar Filato ta fi kowace jiha nomansa. Da Turanci ake koyarwa, amma da zarar an fito, Hausa da buroka ne ke tashi. Hausa ita ce harshen da Birom da Jarawa da Anaguta da Angas da Bahaushe da Bayarabe da Ibo ke haɗuwa a kansa, ko da yake makarantu da yawa na cin tarar wanda aka kama yana magana da harshen gida. Wannan doka ba ta rasa illa, don takan sa yaro ya ɗauka harshen iyayensa abin kunya ne.

Ana tashi wajen ƙarfe 2. Ga yaro Musulmi, karatu bai ƙare ba: Islamiyya na jiransa da yamma, wani kuma shagon mahaifinsa ko garejin maigidansa. 'Yan kwana su kuma suna da barcin rana, wasanni, da karatun dare da ake kira firef.

Karatu da jarrabawa

Tsarin 6-3-3-4, wato shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babba, 4 a jami'a, ya fara aiki a 1982. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta haɗe firamare da ƙaramar sakandare, ta mai da waɗannan shekaru 9 wajibi kuma kyauta a makarantun gwamnati, ko da yake iyaye kan biya kuɗin yunifom da littattafai da na ƙungiyar iyaye da malamai. Shekarar karatu zango 3 ce, daga Satumba zuwa Yuli. Makin kowane zango haɗi ne na gwaje-gwajen cikin aji, kashi 30 ko 40, da jarrabawar ƙarshe.

A ƙarshen aji 3 ana rubuta jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, wato BECE, daga nan a rarraba ɗalibai zuwa ajin kimiyya, na fasaha da adabi, ko na kasuwanci. Wannan rabo na da nauyi fiye da yadda yaro ɗan shekara 14 zai iya hangowa. Iyaye da yawa na matsa wa 'ya'yansu shiga kimiyya don burin likitanci, alhali wani yaron baiwarsa tana ga shari'a ko harshe ko lissafin kuɗi.

Duk shekarun nan 6 suna fuskantar abu ɗaya ne: jarrabawar fita. Hukumar WAEC, da aka kafa a 1952, na gudanar da tata a wajajen Mayu da Yuni. NECO, da aka kafa a 1999 mai hedikwata a Minna, na biyo baya. Masu karatun Larabci na da NBAIS, 'yan makarantun koyon sana'a kuma NABTEB. Ɗalibi kan rubuta darussa 8 ko 9, sakamako kuma daga A1 ne zuwa F9. Abin nema shi ne kiredit 5, wato C6 zuwa sama, har da Turanci da Lissafi. Sai kuma jarrabawar JAMB mai maki 400, wadda tun 2015 a kan kwamfuta kawai ake rubuta ta. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba kafin wannan rana ya shiga da rauni tun bai ga tambaya ba, shi ya sa wuraren lesin suka yawaita a cikin gari. Satar amsa ma matsala ce da ba a ɓoye ta, kuma wanda ta fi cuta shi ne mai satar, ranar da ya isa Jami'ar Jos da takardar da kansa bai ɗauke ta ba.

Garin kansa aji ne. Makarantu na kai ɗalibai gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, inda ake ganin sassaƙen yumɓu na al'adar Nok, da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, da gandun namun daji, da kududdufan da haƙar kuza ta bari a wajajen Bukuru da Rayfield.

Shugabanci tsakanin ɗalibai

Makaranta ba ta tafiya da malamai kaɗai. Kowane aji na da monita mai rubuta sunayen masu surutu da ɗauko alli. Sama da shi akwai firifet-firifet, waɗanda ake naɗawa daga 'yan aji 5 yayin da 'yan aji 6 suka duƙufa ga jarrabawa. Akwai shugaban ɗalibai da shugabar ɗalibai, wato hedboi da hedgal, sai mai kula da lokaci da ke kaɗa ƙararrawa, da na tsafta, na aikin gayya, na wasanni, na ɗakin karatu, na abinci a makarantun kwana, da masu kula da masallaci da coci. A wasu makarantu malamai ne ke zaɓa, a wasu kuma a yi kamfe, mai nema ya tsaya gaban asambili ya faɗi manufarsa, a kaɗa ƙuri'a.

A nan ne yaro ke fara ɗanɗanar iko, kuma a nan halinsa ke fitowa. Misali, mai kula da lokaci na tsaye a bakin get da ƙarfe 8 saura, ga layin makararru a durƙushe, cikinsu har da ƙanin abokinsa da yarinyar da kowa ya san sai ta kai tallan koko kafin ta zo. Ya sake wane, ya riƙe wane? Malamai masu lura sukan ce wa irinsa, "Kai ma jiya juniya ne." Sai dai siniyoranci kan wuce gona da iri, musamman a makarantun kwana: tsallen kwaɗo, kamun kunne, aike ba dalili, ƙwace kayan juniya. Makarantu da dama sun hana ɗalibi dukan ɗalibi, kuma hanin ya dace, domin yaron da aka koya wa cewa shugabanci duka ne, da wannan fahimtar zai fita gari.

Jos na da wata gata a wannan fanni. Makarantar dutse ta Cibiyar Horar da 'Yan Ƙasa da Shugabanci tana Duwatsun Shere, gabas da gari, inda ake kai firifet da 'yan ƙungiyar horon sa-kai ta Man O' War su hau dutse, su bi igiya, su koyi dogaro da juna. Ƙungiyar muhawara da ta 'yan jarida da ta JETS ta masu sha'awar kimiyya su ma wuraren koyon magana ne da tsara aiki. Ta fuskar addini, ɗalibai Musulmi na da ƙungiyarsu ta MSSN da aka kafa a Legas a 1954, Kiristoci kuma na da FCS, wadda ta samo asali a Gindiri a 1957, hedikwatarta kuma tana Jos.

Ayyukan taimako

Yawancin taimakon ɗalibai ƙarami ne, kuma ba a rubuta shi. Mahaifin ɗan aji ya rasu, monita ya zagaya da hula, a haɗa naira 50 da 100, a sa yunifom a tafi ta'aziyya tare da malamin aji. An kori wata saboda kuɗin jarrabawa, ƙawaye su kai kuka ga ƙungiyar iyaye da malamai. Akwai kuma wanda aka tsara: tara sabulu da tufafi da hatsi a kai gidan marayu, ziyarar marasa lafiya a asibitocin gari, share kwata da kasuwa, dashen itace. A watan azumi 'yan MSSN kan shirya buɗa-baki, a lokacin Kirsimeti 'yan FCS su kai kyauta. Red Cross da Sikawut da 'yan agaji na koyar da taimakon gaggawa. Bayan rikice-rikicen garin, makarantu da dama sun kafa ƙungiyoyin zaman lafiya, inda ake koya wa yara sasanta rigima kafin ta girma. Amfanin irin wannan aiki ya fi bayyana idan makarantu biyu daga ɓangarori daban suka yi shi tare.

Wasanni

Babbar ranar shekara ita ce ta gasar gidaje, wato intahaus. Ana raba ɗalibai gida-gida, kowanne da launinsa: ja, kore, shuɗi, rawaya. Makonni ana atisayen maci da ganguna. Ranar kanta akwai tseren mita 100 da 200 da 400, tseren miƙa sanda, dogon tsalle, jifan dalma, da tseren iyaye da malamai da ke sa fili ya kaure da shewa. Akan gayyato wasu makarantu su fafata a tseren miƙa sanda, wanda shi ne ke rufe taro.

Ƙwallon ƙafa ita ce sarauniya, kuma Jos na da abin tunƙaho a kanta. Mighty Jets ta Jos ce ta lashe gasar lig ta ƙasa ta farko a 1972, Plateau United ta ɗauki kofin a 2017. John Mikel Obi da Ahmed Musa da Moses Simon duk haifaffun Jos ne, saboda haka yaron da ke buga ƙwallo a filin makaranta mai tsakuwa ba ya ganin burinsa a matsayin mafarki. Haɗarin shi ne ya yar da littafi saboda ƙwallo, alhali cikin dubu ƙalilan ne ke kaiwa. Ana kuma buga ƙwallon kwando da na raga da na hannu, tsaunin Filato kuma na fitar da masu dogon gudu, musamman daga wajajen Pankshin. 'Yan mata na samun kaso mafi ƙanƙanta, wani lokaci don rashin kayan wasa da suka dace da suturarsu, wani lokaci don iyaye ba su yarda ba. Makarantun mata zalla sun fi ba su wannan dama.

Matsaloli

Rabuwar unguwanni ta shafi makarantu kai tsaye. Iyaye na zaɓar makarantar da yaro zai isa ba tare da ya ratsa inda suke jin tsoro ba, don haka makarantu da yawa suka koma kusan na addini ɗaya, kuma duk lokacin da aka sa dokar hana fita karatu ke tsayawa. Makarantun gwamnati na fama da cunkoso da ƙarancin malaman kimiyya. Na kuɗi kuma da yawa ba su da filin wasa, wasu ma ginin ba shi da inganci. A ranar 12 ga Yulin 2024, benen wata makaranta mai zaman kanta ya rufta a unguwar Busa Buji ana cikin karatu, mutum 22 suka rasu, akasarinsu ɗalibai. Inda gwamnati ta gaza, sau da yawa ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai ne ke shigowa. Su ne ke gyara rufi, su haƙa rijiyar burtsatse, su sayi kujeru da kwamfutoci, su biya wa marasa ƙarfi kuɗin WAEC da NECO.