Sharuɗɗan buɗe kasuwar Steam: dala 5 kaɗai ba ta isa ba

Mutane da yawa suna zuba dala 5 a asusunsu na Steam, shagon sayar da wasannin kwamfuta a intanet, su koma kasuwar 'yan wasa, inda masu wasa ke saye da sayar da kayan cikin wasa a tsakaninsu, su tarar har yanzu a kulle take. Dalili shi ne kamfanin Valve, mai Steam, ya gindaya sharuɗɗa daban-daban, kuma kowanne da nasa lissafin kwanaki.

Duk asusun da bai kashe dala 5 a shagon Steam ba, takaitacce ne: ba ya aika neman abota, ba ya shiga kasuwa. Ana cire wannan takunkumi da sayen wasa, ko zuba kuɗi a lalitar Steam, ko shigar da katin kuɗi na Steam. Ba dole a biya lokaci guda ba, ana tarawa. Wasan kyauta, da wanda aboki ya ba ka, da lambar wasa da ka saya a wani shago, duk ba a ƙirga su. Idan kuma ka nemi a mayar maka da kuɗinka har jimlar ta gaza dala 5, takunkumin zai dawo.

Sharaɗi na biyu ya fi ruɗa mutane. Sai asusun yana da sayayyar da ta wuce kwana 7 amma ba ta haura shekara ɗaya ba. Ke nan wanda ya biya yau sai ya jira mako guda, wanda ya daɗe bai sayi komai ba kuma, ko da ya kashe dala ɗari a baya, zai iske ƙofa a rufe. Sayen wasa don kyautar da shi ga wani yana cire takunkumin dala 5, amma ba ya cika wannan sharaɗin.

Sai tsaro. Dole Steam Guard, wato tsarin tsaron da ke neman lambar tantancewa kafin a shiga asusu, ya yi kwana 15 a kunne. Idan babu manhajar tantancewa ta waya wadda ta kai kwana 7, ana iya riƙe kayan da ka sa a kasuwa ko ka yi musaya da su har kwana 15. Cire manhajar ma yana jawo kwana 15, shi ya sa mai sauya waya ya kamata ya mayar da ita kan sabuwar, kada ya goge. Wanda ya manta kalmar sirri ya sake wata, kwana 5 zai jira.

Jiran yana da ban haushi, amma ba banza aka sa shi ba: mai satar asusu ko katin banki so yake ya kwashe kaya kafin mai shi ya farga.

Dabara ita ce a ranar farko ka kunna Steam Guard, ka ɗora manhajar, ka zuba dala 5 a lalita, kwanakin su riƙa tafiya tare. Kuɗin da ka samu a kasuwar kuma a lalitar Steam suke zama, ba a cire su zuwa banki.