Yadda Ake Sa Ido Kan Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa a Kusa da Kantunan da Ke Sayar da Fetur a Amurka

Me ya haɗa kanti da gurɓacewar ruwa?

A Amurka, yawancin man da masu motoci ke saya ana sayar da shi ne a ƙananan kantunan bakin hanya, inda mutum zai zuba mai kuma ya sayi burodi ko lemo a wuri guda. Man yana ajiye cikin manyan tankuna da aka binne a ƙasa, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka binne kafin shekarun 1980 na ƙarfe ne marar kariya daga tsatsa. Idan tanki ko bututunsa ya fara yoyo, man yana tsiyaya cikin ƙasa har ya kai ga ruwan da rijiyoyin maƙwabta ke ja. Wannan ne ya sa Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta fitar da ƙa'idoji a 1988, ta kuma ba masu tsofaffin tankuna wa'adin Disambar 1998 su gyara su, su canja su, ko su rufe su.

Yaya ake gane cewa mai ya shiga ruwa?

Ana haƙa wasu siraran rijiyoyi da ba a ɗiban ruwan sha a cikinsu, a zura musu bututun roba mai ƙananan tsagogi a ɓangaren ƙasa, a rufe bakinsu da murfin ƙarfe daidai da daɓen harabar kantin. Tun da fetur ya fi ruwa rashin nauyi, yakan kwanta ne a samansa, saboda haka dole tsagogin su kasance daidai inda saman ruwan yake, in ba haka ba man zai wuce ba tare da rijiyar ta nuna shi ba. Ana buƙatar aƙalla rijiyoyi uku, domin sai an kwatanta tsayin ruwa a wurare uku ake sanin inda yake gangarawa. Ɗaya takan kasance a ɓangaren tudu na tankin don a san yadda ruwan yake kafin ya iso, sauran kuma a ɓangaren gangare.

Shi kansa ɗaukar samfurin aiki ne mai buƙatar natsuwa. Ma'aikaci yakan fara fitar da ruwan da ya daɗe kwance a rijiyar, sannan ya cika 'yar kwalba maƙil yadda ko kumfa ɗaya ba zai rage ba, saboda sinadaran fetur suna saurin guduwa cikin iska. Daga nan sai a sa ta cikin ƙanƙara a kai ɗakin gwaje-gwaje.

Waɗanne sinadarai ake nema?

Mafi tayar da hankali shi ne benzin, wani sinadari da ke cikin fetur, wanda aka tabbatar yana haddasa sankarar jini. Dokar Amurka ba ta yarda ya wuce maikirogiram 5 (maikirogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram) a kowace lita ta ruwan sha ba, ita kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya 10. Ana kuma neman MTBE, wanda aka riƙa haɗawa da fetur don rage hayaƙi, amma ya kasance yana narkewa cikin ruwa cikin sauƙi kuma yana tafiya nesa fiye da sauran. Shi ne ya sa birnin Santa Monika na jihar Kalifoniya ya rufe wasu rijiyoyinsa a 1996.

Ashe wari ko ɗanɗano ba zai isa ba?

Ba zai isa ba, domin benzin na iya zarce haddin da doka ta sanya alhali ruwan yana nan garau, ba wari ba ɗanɗano. Wannan batu ya shafe mu ma, ganin yadda a biranenmu ake gina gidan mai jikin gidajen da ke shan ruwan rijiya ko burtsatse, kuma da wuya a kai ruwan gwaji sai bayan an fara jin warin mai.

Me ya sa ake maimaita gwajin shekara da shekaru?

Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana tafiya a hankali, kuma yana hawa da sauka gwargwadon damina da rani, don haka man da ya maƙale a ƙasa zai iya ɓacewa daga samfurin wannan wata ya sake bayyana bayan ruwa ya hau. Shi ya sa galibi ake ɗaukar samfuri duk bayan wata uku. A garin Jaksonbil na jihar Meriland, a 2006, wajen galan 26,000 na fetur ya tsiyaye daga wani gidan mai cikin kwana 37 kafin a farga, aka kuma shafe fiye da shekara goma ana tsotse man ana gwada ruwan. Hukumar jiha ba ta rufe irin wannan fayil sai gwaje-gwaje a jere sun nuna cewa gurɓatar tana raguwa kuma ta daina matsawa wajen rijiyoyin jama'a.