Wane Irin Littafi Ya Kamata In Fara Wa Yarona Da Shi? Tambayoyi Da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da iyaye suke yawan yi min, musamman masu ƙananan yara da suke so su saba musu da littafi tun da wuri, toh na ga gara in haɗa su wuri ɗaya in amsa.

Tambaya: Ɗana wata bakwai ne kacal, ko magana bai fara ba, wai har yanzu ya isa a karanta masa littafi?

Amsa: Ya isa 'yar uwa, tuntuni ma. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tun 2014 ta fito ta ce iyaye su fara karanta wa yaro tun daga haihuwa. Ba wai zai gane labarin ba ne, a'a, muryarki yake ji, yana kallon bakinki, kunnensa yana sabawa da yadda kalmomi suke hawa suna sauka. A wannan shekarun ki nemo mai kauri irin na kwali, wanda ko ya cusa a baki ba zai yage ba, don wallahi sai ya cusa, ko kuma na yadi da za ki iya wankewa. Hoto ɗaya babba a shafi, fuskar mutum ko kyanwa ko ƙwallo, launi mai fitowa sosai. Jariri sabon haihuwa ma abin da ke kusa da fuskarsa yake iya gani, kamar tazarar santimita 20 zuwa 30, shi ya sa baƙi da fari suka fi kama idonsa a makonnin farko.

Tambaya: Mene ne bambancin littafin da zan karanta masa da wanda shi zai karanta da kansa? Ni duk ɗaya nake ɗaukarsu.

Amsa: Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi min, domin a nan ne iyaye da yawa suke kuskure ba tare da sun sani ba. Littattafai biyu ne daban, aikinsu ma daban.

Na farko shi ne wanda kai za ka karanta yana saurare. Wannan ya kamata ya fi ƙarfinsa, ya kasance da labari na gaske mai farko da tsakiya da ƙarshe, da kalmomin da ba ya ji kullum a gida, saboda kunnen yaro yana gaba da idonsa nesa ba kusa ba, yaro ɗan shekara biyar zai fahimci labarin da ba zai iya karantawa da kansa ba sai nan da wasu shekaru. Na biyu kuma shi ne wanda zai riƙe ya karanta shi kaɗai, shi kuma dole ya zama mai sauƙi ƙwarai, kalmomin cikinsa su kasance an gina su da baƙaƙe da wasulan da ya riga ya koya. In yaron ba, be, bi, bo, bu da ka, ke, ki, ko, ku, har da ta da ro ya sani, toh jimla irin "Kaka ta ba Baba biro" ita ce daidai da shi, zai haɗa gaɓa da gaɓa har ya fitar da ita, kuma ka ga yadda fuskarsa za ta washe lokacin da ya gane cewa shi ne ya karanta ba wani ya faɗa masa ba.

Masana biyu, Gough da Tunmer, sun bayyana wannan tun 1986, suka ce fahimtar karatu tana tsaye ne a kan abu biyu, iya fitar da kalma daga haruffa da kuma fahimtar harshen kansa. Littafin da kake karanta masa yana gina fahimtar harshe, wanda yake karantawa da kansa kuma yana gina iya fitar da kalma. In ka ba shi mai wuya ka ce ya karanta zai tsani karatu, in kuma kullum mai jimla uku-uku kawai kake karanta masa, toh ka hana shi kalmomi.

Tambaya: Ta yaya zan gane littafi ya yi masa wuya?

Amsa: Akwai wata dabara da malamai suke yi da yatsu biyar. Ka buɗe shafi ɗaya daga tsakiya ka ce ya karanta, duk kalmar da ta gagare shi ya ɗaga yatsa ɗaya. In yatsu biyar suka tashi kafin shafin ya ƙare, ajiye shi, ko ka mayar da shi cikin waɗanda kai za ka riƙa karanta masa. Biyu ko uku shi ne daidai.

Amma akwai abin da ya fi wannan muhimmanci a wurina, ka kalli idonsa. Na taɓa zama kusa da wata yarinya 'yar shekara shida tana karatu tiryan-tiryan kowa yana yaba mata, sai na lura idonta ba ya kan rubutun sam, yana kan hoto. An rubuta "tunkiya" ta ce "akuya", don abin da ta ga an zana kenan. Da na rufe hoton da tafin hannuna sai ta tsaya cak. Ba laifinta ba ne, littafin ne aka yi shi ta yadda hoto yake ba da amsar komai, sai yaro ya koyi cinka maimakon karatu. Don haka littafin koyon karatu, hotonsa ya ƙara wa labari daɗi amma kada ya zama shi ne yake karanta wa yaro.

Tambaya: Mai sauƙin kalmomi ai ba ya da daɗi, yara suna gajiya da shi.

Amsa: Wasu haka suke, gaskiya ne, amma ba dole ba ne. Marubucin nan ɗan Amurka Dr. Seuss ya rubuta Green Eggs and Ham a 1960 da kalmomi 50 kacal yana ta juya su, kuma har yau yara suna son shi. Abin dubawa shi ne ko akwai wani abu da yake faruwa a ciki, wani yana neman wani abu, ko ya ɓata, ko ana jiran a ga me zai biyo baya. Ka karanta shi da ƙarfi kai kaɗai kafin ka ɗauka, in bakinka yana tuntuɓe ko ka ji ka ƙosa a shafi na uku, yaron ma haka zai ji.

Tambaya: Da Hausa zan fara ko da Turanci?

Amsa: Da harshen da yaron yake ji yake magana da shi. Yaron da ya haɗa haruffa ya fitar da "kare" nan take hoton kare ya zo masa a kai, amma in ya sha wahala ya fitar da kalmar da bai san ma'anarta ba, me ya samu? Kuma Hausa tana da sauƙi a nan don yawanci yadda aka rubuta haka ake furtawa, ba kamar Turanci ba da harafi ɗaya zai ba ka sauti kala-kala. Sai dai ka duba ko an buga ƙ da ɗ da ɓ da lanƙwasarsu, don kada yaro ya rikita "ƙafa" da "kafa". In ya iya karatu a harshensa, dabarar tana bin sa zuwa wani harshen. A intanet akwai African Storybook da StoryWeaver, suna da labaran yara kyauta cikin harsuna da yawa har da Hausa, an kuma jera su mataki-mataki.

Tambaya: Kullum littafi ɗaya take kawo min, har na haddace shi. In ɓoye shi ne?

Amsa: Don Allah kada ki ɓoye. Wani bincike da Jessica Horst da abokan aikinta suka yi a jami'ar Sussex ta Ingila a 2011 ya nuna yara 'yan shekara uku da aka maimaita musu labari ɗaya sun fi riƙe sababbin kalmomi a kan waɗanda aka yi ta canza musu labari. Abin da za ki yi shi ne ki riƙa tsayawa a tsakiyar jimla ki bar ta ta ƙarasa, ki tambaye ta me ya sa kazar nan take gudu, ina ɗan tsakon ya shiga.

Tambaya: Masu maɓalli da kiɗa da na waya fa?

Amsa: Ni dai ban cika son su ba ga mai koyo, domin hankalin yaro yana tafiya kan dannawa ya bar labarin. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce 'yan ƙasa da shekara biyu kada a zaunar da su gaban allon waya ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. In a waya kawai kike da labarin, toh ki riƙe ta ke, ki ɗora shi a cinya ki karanta da bakinki kamar yadda za ki yi da na takarda, kada ki miƙa masa ki tashi.