Waiwaye: Idan hannun likita ya goce, wa zai biya?

A gidajen Hausawan Makka da Jidda, in an yi wa mutum tiyata ya fito da wata lalura da bai shiga da ita ba, maganar da za ka fara ji daga bakin dattawa ita ce, "Ƙaddara ce, a bar wa Allah." Babu mai musun ƙaddara. Sai dai malaman fiƙihu, waɗanda suka fi mu saninta, ba su taɓa rufe zancen a nan ba.

Tushen maganar hadisi ne da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah suka ruwaito, cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, shi zai ɗauki lamunin ɓarnar da ya yi. Hukuma ma ta sa hannu tun da wuri. A shekarar 931 Miladiyya, bayan wani majinyaci ya mutu ta dalilin kuskuren likita a Bagadaza, Halifa Muƙtadir ya sa Sinan bin Sabit ya jarraba likitocin birnin kafin a bar su su ci gaba da aiki.

Ibnul Ƙayyim, a cikin Zadul Ma'ad, ya kasa masu magani kashi biyar. Gwanin da aka ba shi izini, ya yi aikin yadda ya dace, amma ciwon ya yi ajali, babu komai a kansa. Gwanin da hannunsa ya goce ya taɓa gaɓa mai lafiya kuwa, sai ya biya. Misalin da ya bayar ma kowane Bahaushe zai gane: mai kaciya da askarsa ta zarce inda aka nufa. Wanzamanmu dai suna cikin lissafi tun tuni. In ɓarnar ta kai sulusin diyya, danginsa na wajen uba, wato aƙila, su ke haɗa kuɗin.

Wannan tsarin ne Saudiyya ta mayar doka. Dokar ma'aikatan lafiya ta 2005 ba ta ce dole likita ya warkar ba, ta ce dole ya ba da kulawar da ilimin aikin ya tanada. Ta lissafa abin da ke jawo biyan diyya, kamar kuskuren magani, sakaci wajen bin diddigin majinyaci, da rashin sanin abin da duk mai irin ƙwarewarsa ya kamata ya sani. Abin da mutanenmu suka fi jahilta shi ne, dokar ta soke duk wani sharaɗi da ke wanke likita daga alhaki. Takardar nan da ake miƙo wa miji ko uba ya sa hannu a ƙofar ɗakin tiyata izinin aiki ce, ba yafe sakaci ba.

Dokar ta kuma wajabta wa likitoci da likitocin haƙori inshorar kuskure. A ganina kamfanin inshora ne ya gaji aƙila. Kuɗin ma ya tashi: a 2011 aka ɗaga diyyar kisan kuskure daga riyal 100,000 zuwa 300,000, saboda asalinta raƙuma ɗari ne, raƙuma kuwa sun yi tsada.

Shekara da shekaru wani kwamiti ne mai alƙali da likitoci, a ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya, yake sauraren ƙarar. An daɗe ana ƙorafin cewa mai gudanar da asibitoci bai kamata ya riƙe wurin shari'arsu ba. Daga baya aka mayar da ƙararrakin kotunan Ma'aikatar Shari'a.

Duk da haka, shigar da ƙara yana buƙatar takardun shaida da rahoton asibiti. Wanda aka haifa a unguwar Shara Mansur ta Makka amma iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu, ko bai taɓa samunta ba, yakan auna tsakanin diyya da tarhil, wato kora daga ƙasar, ya ɗauki majinyacinsa ya koma gida.