Waiwaye: Yadda tseren motoci na kwamfuta ya samu sitiyari da ma'aunin direbobi

Tseren motoci na kwaikwayo, wato wanda mutum ke zaune a ɗakinsa da sitiyari da birki yana fafatawa da wasu ta intanet, ya daɗe yana fama da matsaloli biyu. Ta farko ita ce yadda hannun direba zai ji abin da taya ke yi a kan kwalta, alhali babu tayar kuma babu kwaltar. Ta biyu, wadda ta fi wuya, ita ce yadda za a sa mutanen da ba su san juna ba su yi tuƙi da hankali a inda haɗari ba ya karya ƙafar kowa, ba ya kuma kai kowa garejin bakanike.

Tun 1974 kamfanin Atari na Amurka ya fito da Gran Trak 10, injin wasa mai sitiyari da giya da totur da birki, sai dai sitiyarin ba ya gaya wa hannu komai. Sauyi ya zo a 1989, lokacin da injin wasan Hard Drivin' ya ɗaura injin lantarki a bayan sitiyari domin ya riƙa yi wa direba gardama a kwana. A shekarar ce kuma David Kaemmer da kamfanin Papyrus suka fitar da wasan kwamfuta Indianapolis 500, wanda a cikinsa iskar taya da tsarin giya ke sauya halin mota. Sitiyari mai injin lantarki ya shiga gidaje wajen 1998 ta hannun Microsoft da Logitech, sannan a 2006 sitiyarin Logitech G25 ya zo da kuloci da giyar hannu mai lamba 6 da juyi na digiri 900, wato zagaye biyu da rabi kamar na motar titi.

Waɗannan duk ƙaramin inji ne ke juya su ta hanyar haƙoran giya ko bel, kuma a nan ne ƙananan motsi ke ɓacewa kafin su kai hannu. Mafita ita ce a ɗaura sitiyarin kai tsaye a kan sandar babban inji, abin da da farko sai mai kuɗi da yawa ke iya saye, har zuwa 2021 da Fanatec na Jamus ya fitar da CSL DD mai ƙarfin Nm 5 (Nm ma'aunin ƙarfin juyi ne) a kan kusan yuro 350. Manyan irinsu suna kaiwa Nm 25, ƙarfin da zai iya gurɗe wuyan hannu idan mota ta daki katanga, shi ya sa ake haɗa su da maɓallin kashewa na gaggawa. Duk da haka, a ganina birki ya fi sitiyari tasiri ga saurin direba. Tsohon birki yana auna nisan da ƙafa ta tura shi ne, na yanzu kuwa nauyin takawar yake aunawa, kuma ƙafar ɗan Adam ta fi iya maimaita nauyi daidai fiye da maimaita nisa.

Matsala ta biyu ta bayyana ne da zarar an haɗa mutane. A tsakiyar shekarun 1990 Papyrus ya gwada wani tsari mai suna Hawaii, inda 'yan wasa ke shiga tsere ta layin tarho, kuma bayan fitowar wasan Grand Prix Legends a 1998 tsere ta intanet ya bazu. Abin da aka riƙa gani a tseren da ke buɗe ga kowa shi ne motoci su taru su ragargaje a kwanar farko, wanda ya jawo haɗarin kuma ya fice ya shiga wani tseren ba tare da ya yi asarar komai ba. Masu son abin da gaske sai suka koma ƙungiyoyi na sanayya, inda kunyar idon abokai ke riƙe mutum.

Kamfanin iRacing, wanda Kaemmer ya kafa a 2004 tare da John W. Henry, attajirin da daga baya kamfaninsa ya sayi ƙungiyar Liverpool, ya buɗe wa jama'a a watan Agustan 2008 da niyyar mayar da wannan kunya lissafi. Kowa da sunansa na gaskiya yake shiga, yana biyan kuɗin rajista, kuma ana auna shi da ma'auni biyu daban. Na farko, iRating, ya samo asali daga tsarin da Arpad Elo ya ƙirƙiro domin wasan ches (darar Turawa), wanda hukumar wasan ta duniya ta ɗauka a 1970. Sabon shiga yana farawa da maki 1350, kuma abin da wasu suka samu a tsere daga hannun waɗanda suka rasa yake fitowa, ta yadda doke wanda ya fi ka maki ya fi kawo riba. Da wannan maki ake raba ɗaruruwan masu rajista zuwa rukuni-rukuni, kowa da sa'o'insa.

Na biyu shi ne makin kiyayewa, daga 0.00 zuwa 4.99, wanda ke ƙidaya kwana nawa direba ke sha kafin ya yi kuskure. Sauka daga kwalta laifi 1 ne, juyewar mota 2, karo mai ƙarfi da wata mota 4, kuma da wannan maki ake hawa matakan lasisi daga na ɗan koyo zuwa D, C, B da A. Inda ake ta muhawara shi ne tsarin ba ya tambayar wa ke da laifi: wanda aka daka daga baya da wanda ya daka duk 4 za a rubuta musu. Hujjar kamfanin ita ce idan aka tara tsere masu yawa, direban da kullum ake samu a cikin haɗari ba rashin sa'a kaɗai ke damunsa ba, ganganci kuwa ana kai ƙararsa gaban ma'aikata su duba. Wasan Gran Turismo Sport na 2017 ya bi wata hanyar, ya bar manhaja ta yanke hukunci nan take, sai 'yan wasa suka gano yadda za su ture abokin hamayya hukuncin ya faɗa kan wanda aka ture, kamfanin Polyphony da ya yi wasan kuma ya yi ta sauya ƙa'idojin. Tsakanin biyun, rashin adalcin da kowa ya san da shi tun farko ya fi sauƙin jurewa.

Ma'aunin ma ya haifar da nasa halaye. Akwai masu lallaɓawa a bayan kowa domin tara makin kiyayewa, akwai kuma masu gudun shiga tsere saboda tsoron zubewar iRating. Sannan duk lissafin ya dogara ne a kan intanet, domin idan saƙon wata mota ya yi jinkiri manhaja hasashen inda take kawai take yi, har a rubuta karo tsakanin motocin da ba su taɓa juna ba, kuma wanda ke nesa da kwamfutocin da ke ɗaukar tseren ya fi shan wannan wahala. Ko Max Verstappen, fitaccen direban tseren Formula 1, bai tsira ba: a Janairun 2023 sadarwa ta katse masa yana kan gaba a tseren Le Mans na sa'o'i 24 ta intanet, ya janye motarsa, ya kuma caccaki masu shirya gasar a bainar jama'a.