Gasar Tseren Keke ta Paris–Nice

Paris–Nice gasar tseren keke ce ta ƙwararru da ake yi duk shekara a Faransa cikin watan Maris. Yawanci kwana takwas ake yi, kowace rana da zangonta, kuma wanda jimillar lokacinsa ta fi ta kowa ƙanƙanta shi ne zakara. Ana tashi daga wani gari kusa da birnin Paris a nufi kudu har birnin Nice da ke bakin Bahar Rum. Ana yi mata laƙabi da "tseren zuwa ga rana", domin ana farawa cikin sanyi da ruwan sama, a ƙare a gaɓar teku inda gari ya soma ɗumi.

An fara ta a 1933. Albert Lejeune, mai jaridun Le Petit Journal a Paris da Le Petit Niçois a Nice, shi ya ƙirƙiro ta don tallata jaridunsa, kuma ɗan Beljiyam Alfons Schepers ne ya lashe ta farko. Yaƙin Duniya na Biyu ya dakatar da ita. Tun 2002 tana hannun kamfanin ASO, mai shirya Tour de France, kuma a yau jagoran gasar riga mai ruwan ɗorawa yake sawa.

Abin da ya sa masoya tseren keke suke ɗokinta shi ne yadda take haɗa gwaji iri biyu a mako guda. Kwanakin farko a fili ake yi, inda iska ke bugowa daga gefe. Ƙungiya mai ƙarfi takan ja gaba a karkace, 'yan tserenta suna kare juna daga iskar, sai ayarin ya tsinke gida-gida. Wanda ya yi sakaci ya tsaya a baya, ko da gwanin hawan tudu ne, yana iya asarar gasar tun bai ga tsauni ba. Daga nan sai duwatsun kudu. Mafi shahara shi ne Col d'Èze da ke saman Nice, wanda tun 1969 aka sha yin tseren agogo a kansa, kowa shi kaɗai.

Saboda zangunan ƙarshe gajeru ne kuma cike da hawa da gangara, tazara ba ta cika yawa ba. Alberto Contador ɗan Sifaniya ya ɗanɗana wannan sau biyu a jere: Geraint Thomas ya doke shi da daƙiƙa 4 a 2016, Sergio Henao kuma da daƙiƙa 2 a 2017. A 2021 Primož Roglič ya faɗi sau biyu a ranar ƙarshe yana sanye da rigar jagora, Maximilian Schachmann ya ɗauke kambin. Roglič ya rama a 2022.

Wanda ya fi kowa cin ta shi ne Sean Kelly ɗan Ireland, sau bakwai a jere daga 1982 zuwa 1988, bajintar da da wuya a sake ganin irinta. Jacques Anquetil yana da biyar. Eddy Merckx ya ci daga 1969 zuwa 1971, kafin Raymond Poulidor ya karɓe masa a 1972. A baya-bayan nan Tadej Pogačar ya lashe a 2023, sai Matteo Jorgenson ɗan Amurka a 2024 da 2025.

Gasar tana da tabon baƙin ciki. A 2003 Andrei Kivilev ɗan Kazakistan ya faɗi a zango na biyu ba hular kwano a kansa, ya rasu washegari. A shekarar ce hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta wajabta hular kwano a gasannin ƙwararru.

A makon da ake Paris–Nice ne Italiya take nata tseren, Tirreno–Adriatico, wanda aka fara a 1966. Dole manyan ƙungiyoyi su raba 'yan tserensu gida biyu, kuma daga gasannin biyu da yawa sukan wuce Milan–San Remo, tseren yini guda da ake yi 'yan kwanaki bayan nan.